Idan takardar gwaji ta ce HDL ɗinka ya yi ƙasa: abin da na yi da nawa ya fito 34

Shekara 19 ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano. In ɗebi jini, in juya shi a na'ura, in rubuta sakamako in miƙa. Na haddace yadda mutane ke karɓar takardar gwajin kitsen jini: ido na sauka a layin farko, inda aka rubuta jimillar kolestarol, in bai wuce 200 ba sai a ce alhamdu lillahi, a ninke takarda a cusa a aljihu. Layin HDL, wato wanda ake kira kitse mai kyau, ba mai kallonsa. Ni kaina da nake rubuta shi kullum ban taɓa tambayar nawa ba, sai ranar da yayana ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa yana da shekara 52. Da sauran shan ruwansa, ya tashi, amma likitoci suka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa jini ce ta toshe. Bayan sati biyu na naɗe hannun riga na miƙa wa abokin aikina. HDL ɗina ya fito 34.

Gabana ya faɗi, don na san bai kamata namiji ya sauka ƙasa da 40 ba. Tunanin da ya fara zo mini shi ne wanda ke zo wa kowa: wane magani zan sha ya tashi? Wannan tambayar ce kuskuren, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Mene ne shi kansa HDL ɗin?

Kolestarol ba guba ba ne. Hanta ce ke yin mafi yawansa, kuma da shi jiki ke gina bangon ƙwayoyin halitta, da sinadaran maza da na mata, da ruwan matsarmama mai narka maiƙo. Matsalar ita ce shi maiƙo ne, jini kuwa ruwa, ba sa gauraya. Dole sai an ɗora shi a kan wani abu kafin ya yi tafiya cikin jini. LDL shi ne ɗan dakon da ke kai shi sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yakan riƙa zubar da kaya a bangon jijiyoyi. HDL kuwa shi ke bi yana kwashe rarar ya mayar wa hanta. Wanda ya taɓa ganin kwatar unguwarsu gab da damina ya san ƙarshen zancen: masu zuba shara sun yi yawa, masu yashewa sun yi kaɗan, ruwan farko sai cikin ɗakuna. A jijiya shekaru abin ke ɗauka, kuma ba ya ciwo. Ƙarancin HDL ba shi da wata alama da za ka ji a jikinka. Gwaji kaɗai ke nuna shi.

Fara da tabbatar da cewa lambar gaskiya ce

Ka je da safe, bayan ka yi awa 9 zuwa 12 ba ka ci komai ba. Ruwa zalla ba laifi, amma ban da shayi, ko da ba madara. Shi HDL cin abinci ba ya canza shi sosai, sai dai ana auna shi tare da wani kitse da ake rubutawa TG, wato tiraigilisarayid, wanda yakan hau bayan cin abinci ya ɓata lissafi.

Kada ka yi gwajin kana kwance da rashin lafiya ko ka tashi ke nan. Zazzaɓin cizon sauro musamman yana faɗar da HDL ƙasa warwas na ɗan lokaci. Na sha ganin mutum ya zo gwajin maleriya ya ce a haɗa masa da na kitse tunda an riga an soka allura. Araha ce da ba ta da amfani. Bari ka warke da 'yan makonni tukuna. Mai juna biyu ma ta dakata sai bayan haihuwa, don ciki na hargitsa waɗannan lambobi.

Sai ka duba ma'aunin da aka yi amfani da shi. Wata Hajiya ta taɓa shigo mini da takardu biyu, ranta a ɓace, ɗaya ta ce 0.9 ɗaya ta ce 36. "Ɗan nan, a cikinku wa ke mini ƙarya?" Na ce, "Hajiya, ba wanda ya yi miki ƙarya, kamar mudu ne da kilo." Wasu ɗakunan gwaji suna rubutawa da mg/dL, wasu da mmol/L. In kana son mayar da na biyun zuwa na farko, ka ninka shi sau 39. Na Hajiya 0.9 sau 39 ya ba da kusan 35, ka ga duk tafiya ɗaya. TG ne kawai ake ninkawa sau 89.

Ga iyakokin: namiji ƙasa da 40, wato 1.0 a ɗaya ma'aunin, ya yi ƙasa. Mace ƙasa da 50, wato 1.3. Mata sun fi maza yawan HDL tun daga balaga, shi ya sa tasu iyakar ta fi sama. Ke da kika ga 44 kada ki gwada da na maigida ki ce kin tsira.

Karanta sauran takardar

Tawa takardar ga yadda take: jimilla 212, HDL 34, TG 230, LDL 132. Da ido ɗaya za ka ce jimillar ta ɗan haura 200 ne kawai, ba abin tashin hankali. To yi wannan ɗan lissafin da nake yi wa duk wanda ya tsaya saurarona: cire HDL daga jimilla. Abin da ya rage shi ne dukan kitsen da ke iya manne wa jijiya, kuma ana son ya kasance ƙasa da 130. Nawa 178. LDL ana son sa ƙasa da 100, TG ƙasa da 150. Ka ga ke nan HDL ba shi kaɗai ya kauce ba, shi ne dai ya fi ɗaukar ido.

Kusan kullum haka abin yake. Ruwa ba ya tsami banza. Inda ka ga HDL a ƙasa, leƙa za ka tarar da TG a sama, teɓa a gaba, sukarin jini ya fara ɗagawa, hawan jini na ƙwanƙwasa ƙofa. Likitoci suna ɗaukar waɗannan biyar a matsayin ayari guda, kuma wanda ya haɗa uku daga ciki ya shiga layin ciwon sukari da ciwon zuciya. Don haka abu na gaba da za ka yi ba a kemis yake ba. Ari tef ɗin tela, ka tsaya ba riga, ka zagaya shi tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, daidai wajen cibiya, ka saki numfashi, kada ka shanye ciki. Namiji da ya kai santimita 94, mace da ta kai 80, an fara shiga haɗari. Hanya mafi sauƙin tunawa: kada kewayen ƙugunka ya wuce rabin tsawonka. Tsawona 172, rabinsa 86. Uwargida ce ta riƙe tef ɗin, ta duba ta sake dubawa ta ce, "Baban Abba, 104 fa." Teɓar da abokai ke ce mini alamar hutu ce.

Daga nan a auna maka jini da sukari. Nawa jinin 138 bisa 88, sukari kafin karin kumallo 108. Daga 130 bisa 85 ake fara ƙirgawa, sukari kuwa daga 100. Biyar cikin biyar na haɗa, ni da nake sanye da farar riga ina yi wa mutane faɗa.

Sannan ka tuno abin da kake sha. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, suna ɗan rage HDL. Ka gaya wa likitanka, amma kada ka daina da kanka, hawan jinin ya fi wannan illa nesa ba kusa ba. Samarin da ke allurar ƙara ƙwanji a wuraren ɗaga ƙarfe kuwa, na ga HDL ɗin da ya fi na kowa lalacewa a jikin da ya fi na kowa kyau. Akwai kuma waɗanda gado ne, sirara ne, ba sa shan taba, amma nasu a ƙasa yake tun fil azal.

Dalilin da ya sa ba za ka nemi maganin ɗaga shi ba

Labarin ya samo asali daga wani gari a Amurka, Firamingham, inda tun 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 shekara da shekaru. A 1977 masu binciken suka bayyana cewa waɗanda HDL ɗinsu ke ƙasa sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Daga nan sunan "kitse mai kyau" ya bi shi, kamfanonin magani kuma suka ce ai shi ke nan, a ɗaga shi a huta.

Kamfanin Pfizer ya yi wani magani, torcetrapib, aka gwada shi a kan mutum kusan 15,000. Ya ɗaga HDL da fiye da kashi 70 cikin ɗari, abin da ba motsa jikin da zai iya. A Disambar 2006 aka tsayar da gwajin, saboda masu shan sa sun fi waɗanda ba sa sha mutuwa. Aka koma kan niyasin, wato bitamin B3 mai yawa, wanda shi ma ke ɗaga HDL. Gwaji ɗaya aka dakatar a 2011 don ba a ga amfani ba, wani mai mutum sama da 25,000 da aka fitar da sakamakonsa a 2014 shi ma bai rage bugun zuciya ba, sai illoli da ya ƙara. A 2012 masu nazarin ƙwayoyin gado suka nuna cewa wasu da aka haifa da gadon HDL mai yawa ba su fi sauran mutane tsira ba. Har ma an lura cewa waɗanda nasu ya yi sama fiye da kima ba su da wata kariya ta musamman.

Akwai wani binciken da ya fi kama mini hankali, mai suna REGARDS, wanda aka fitar a 2022 bayan bin mutum sama da 23,000 a Amurka. Ƙarancin HDL ya nuna haɗarin ciwon zuciya a fararen fata, amma bai nuna hakan a baƙaƙen fatar can ba, alhali yawan LDL ya cuci kowa. Baƙaƙen Amurka ba Kanawa ba ne, abincinmu da zamanmu daban. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne kada in jingina rayuwata da wannan lamba ɗaya, ta yi kyau ko ta yi muni.

A fahimtata, HDL kamar hayaƙi ne da ka hango daga ɗaki. Yana gaya maka akwai abin da ke ci. Wanda ya tsaya korar hayaƙi da mafici bai kashe komai ba. Saboda haka duk mai mota da lasifika da ya ce maka kwalbarsa tana wanke kitsen jini cikin kwana bakwai, ka riƙe kuɗinka. Na sayi irinta sau ɗaya, in faɗi gaskiya, a makon da hankalina ya tashi. Kwana biyu na yi ina zaryar banɗaki. Masu cewa giya na ɗaga HDL kuwa ba ƙarya suka yi ba, tana ɗagawa, tare da hawan jini da TG da ciwon hanta. Mu dai addini ya hutar da mu wannan gardamar.

Abin da za ka yi da hannunka

In kana shan taba, daga nan za ka fara, sauran duk bayanta suke. Ina shan kara biyar zuwa shida a rana, a ɓoye, bayan ginin ɗakin gwaji. Taba tana rage HDL, tana kuma raunata bangon jijiya inda LDL ke samun wurin maƙalewa. Wanda ya bari, HDL ɗinsa yakan fara farfaɗowa cikin makonni. Shisha ma taba ce, ƙanshin tuffa bai canza ta ba. Sau uku ina bari ina komawa. Abin da ya taimake ni a na huɗu shi ne na daina zama a majalisar da ake kunnawa, na kuma gaya wa 'yata babba, don na san kunyarta za ta riƙe ni inda tsoron ciwo ya kasa.

Na biyu tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ni bayan sallar asuba nake yi, kafin rana da ƙurar ababen hawa. Ba tafiyar zuwa ɗaurin aure ba, tafiya mai sauri wadda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya doguwar hira ba. Na fara da minti 10, ina haki kamar wanda aka koro. Wanda ba shi da safiya ya sauka daga Adaidaita Sahu tun kafin ya iso, ya ƙarasa da ƙafa. Uwargida da maƙwabtanta biyu da ƙafa suke zuwa Islamiyya yanzu. Amma in tafiya na sa ka jin nauyi ko matsi a ƙirji, tsaya, ga likita kafin ka ci gaba. Kada kuma ka sa rai da yawa a kan lambar: motsa jiki yakan ƙara HDL da biyu ko uku ne kawai. Ribarsa tana wajen sukari da jini da teɓa.

Na uku abinci, kuma a nan ne na fi shan mamaki. Na zaci nama da mai ne abokan gabata. Ashe ga mai TG a sama da HDL a ƙasa, sukari da farin gari da tulin shinkafa sun fi yin ɓarna, don rarar da jiki bai ƙona ba hanta ke mayar da ita kitse. Na zauna na ƙirga nawa: shayi sau uku a rana, kowanne da sukari cokali uku cike da tozo, ga madarar gwangwani, ga rabin burodi da bota. Da rana shinkafa fara faranti guda da lemon kwalba. Da dare tuwon shinkafa malmala uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin ƙananan cokali 12, in an rage zuwa 6 ya fi. Shayina kaɗai ya kusa cinye kason.

Ban yi juyin juya hali a kicin ba, don na san ba zai ɗore ba. Shayi ya koma cokali ɗaya, daga baya rabi. Mai shayin bakin asibiti har yau in ya hango ni sai ya ce, "Likita, a haɗa na marasa lafiya?" Lemon kwalba na bar shi sai ranar biki, zoɓo da kunun aya kuwa a gida ake yi don in san abin da aka zuba. Shinkafa ta koma rabi, wake ya cike gurbin. Tuwon dawa da na gero suka dawo, malmala ɗaya da rabi, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ta fi tuwon yawa. Kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli, wanda da nake ganin abincin ƙauye ne, shi ne abincin ranata sau uku a mako. Gyaɗa cikin tafin hannu in yunwar la'asar ta taso, a maimakon fanke da cincin. Kifi mai maiƙo, sadin ko taitus, sau biyu a mako in aljihu ya yarda.

Batun mai yana da tarko. Man shanu da kakiɗe da kitsen nama suna ɗan ɗaga HDL, amma suna ɗaga LDL tare da shi, sai ka ga lamba ɗaya ta yi kyau kana murna alhali an yi ba a yi ba. Manja kusan rabinsa irin wannan kitse ne mai daskarewa, don haka a rage hannu, ba sai miya ta yi iyo ba. Man gyaɗa da na waken suya sun fi. In ka ga an rubuta a jikin galan cewa ba kolestarol a ciki, kada ya burge ka, ba man tsiro da ke da shi tun asali. Mafi sharri shi ne man da aka daskarar a masana'anta, irin na wasu bota da kayan fulawa, don shi yana ɗaga LDL ya kuma kassara HDL lokaci guda. Tsire da balangu ban bari ba. Ina dai cewa mai nama ya ware mini tsoka, ya riƙe kitsensa, kuma ba kowane dare ba. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda hawan jini.

Komawa gwaji, da zancen magani

Ba da wata uku zuwa shida kafin ka sake, kuma a ɗakin gwajin da ka fara, don na'urori suna ɗan saɓawa. Bayan wata shida na sauka daga kilo 89 zuwa 82, ƙugu 96, sukari 96, jini 126 bisa 80, TG 150. HDL fa? 38. Duk wahalar nan, huɗu kacal. Da shi na zuba wa ido da na ce aikin banza na yi.

Likitar da ke duba ni ba ta ko tsaya a kansa ba. Ta ɗora biro a kan LDL, wanda ya sauko 122 kawai, ta ce, "Malam, yayanka uwa ɗaya uba ɗaya ya samu bugun zuciya kafin shekara 55. Wannan ba zan bar maka shi haka ba." A lissafinsu, uba ko ɗan'uwa namiji kafin 55, uwa ko 'yar'uwa kafin 65, yana ƙara wa mutum haɗari. Ta rubuta mini atorvastatin, ɗaya daga magungunan da ake kira sitatin. Su LDL suke saukarwa, kuma su ne aka tabbatar suna rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki: duk saukar LDL da kusan 39 tana rage haɗarin da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Ba kowa ke bukatarsu ba, likita ne zai haɗa shekarunka da jininka da sukarinka da tarihin gidanku ya yanke. Mai juna biyu ba ta sha. Wanda ya fara ya ji ciwon tsoka mai tsanani ya koma ya faɗa, kada ya yi shiru ya watsar. Kuma ba maganin kwana goma ba ne da za ka daina don lamba ta sauka.

Abu ɗaya ba ya jiran takarda. In ka ji kamar an ɗora maka dutse a ƙirji na mintuna, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi da sarƙewar numfashi, a kai ka asibiti nan take. Mata da masu ciwon sukari wani lokaci kasala ce kawai da tashin zuciya da haki. Yayana kwana biyu ya yi yana shan maganin olsa kafin ya faɗi.

Gwajina na watan jiya LDL ya dawo 74, HDL kuwa 39. Abokin aikina ya miƙo mini takardar yana dariya ya ce saura ɗaya in ci jarrabawa. Na ninke ta na sa a fayil ɗin da nake tara su, na tura wa ƙannena biyu saƙo cewa su zo ranar Asabar da safe, kada su karya.